Hattara da masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce hitar gidanka ta lalace

Jama'a, sanyi ya kunno kai, kuma tare da shi 'yan damfarar hita suke fitowa. Wannan gargaɗi na 'yan'uwanmu ne da ke Toronto, Brampton, Mississauga da sauran garuruwan lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, musamman waɗanda suka sayi gida kwanan nan. Mu da muka taso inda maganin hunturu bai wuce bargo da garwashi a kasko ba, da mu aka fi cin kasuwar nan.

Mutum ne zai zo da riga mai ɗaukar ido, kati rataye a wuya, takardu a hannu. Ya ce kamfanin gas ne ya turo shi, ko gwamnati na ba da tallafi, dubawa kyauta ce. Da kun sauka ƙasan gida sai ya tsugunna gaban injin, ya nuna maka 'yar fitila tana ƙiftawa ta cikin wani ɗan gilashi da bai fi kwabo girma ba. Ya girgiza kai. "Tun yaushe take haka? Akwai yara a gidan nan?" Nan take cikinka ya ɗuri ruwa.

To, wannan fitila ba ta gaggawa ba ce. A jikin allon lantarkin injin take, aikinta ta nuna halin da yake ciki, kuma yawancin lokaci abin da take cewa shi ne lafiya lau, ina jiran umarni. A injunan kamfanin Trane da yawa, ƙiftawa a hankali na nufin komai daidai, ba a buƙaci zafi ba tukuna; in ta koma sauri, ma'aunin zafin da ke bango ne ya nemi a ɗumama gida. A na Carrier kuwa, ta tsaya a kunne cak shi ne daidai. Launi ma ba hujja ba ne, don akwai injunan da fitilarsu ja ce ko suna ƙalau. Matsala takan fito ne da ƙirge: ta ƙifta sau uku ko huɗu, ta huta, ta maimaita. Fassarar kowace ƙirga tana nan a takardar da aka manna a jikin murfin injin, galibi ta ciki. Ɗan damfara ba zai taɓa nuna maka takardar nan ba.

Shirun injin ma suna cin abinci da shi. Hita ba ta aiki dare da rana. In gida ya kai zafin da ka saita, sai ta tsaya. In ya huce, ƙaramar fanka ce ke fara tashi, abin kunna wuta ya yi ja, gas ya kama, sai bayan kamar rabin minti zuwa minti ɗaya babbar fanka ta turo iska mai ɗumi. Wannan jinkiri haka aka ƙera shi. Ko da matsala ta gaske ta fito, sau da yawa filta ce ta toshe da ƙura, ko ɗan ƙarfen da ke jin harshen wuta ya yi datti.

Daga fitila sai ya koma kan babban makaminsa: wai ƙarfen da hayaƙi ke bi ya tsage, guba na shiga ɗakuna. Har hoto zai nuna maka a waya, wanda ba ka da tabbacin na injinka ne. Maganin? Sabon inji yau ɗin nan, ba ko sisi a hannu, ka sa hannu kawai. Takardar kuwa haya ce ta shekara 10 ko fiye, wadda jimillarta ta ninka kuɗin injin. A da har rajistar bashin suke yi a kan takardun gida, mutum bai sani ba sai ranar da ya zo sayarwa. Ontariyo ta hana irin wannan rajista a watan Yunin 2024, amma kwangilar da ka sa wa hannu tana nan tana bin ka.

Tun 1 ga Maris 2018 doka ta haramta tallan hita, na'urar sanyaya ɗaki da tankin ruwan zafi gida-gida ba tare da mai gida ya gayyata ba, kuma kwangilar da aka ƙulla ta haka ba ta da inganci. Shi ya sa wasu ke fara bugo waya, ko su cusa maka takardar da ke cewa kai ka kira su. Kar ka sa hannu. Wanda ya riga ya sa, yana da kwana 10 ya soke, kuma a rubuce ya kamata ya yi.

Ban ce a raina gubar kabon monoksaid ba. Ba ta da wari, tana kisa, kuma doka ta wajabta na'urar gano ta kusa da ɗakunan kwana a gidan da ake ƙona gas. In ta yi ƙara, ku fice ku kira 911. In ba ta yi ba, ka sallami baƙon, ka nemo ma'aikaci mai lasisin TSSA, hukumar da ke sa ido kan aikin gas a Ontariyo, da kanka, ya nuna maka tsagar da idonka a jikin injinka. Masu zaman gidan haya kuma ku ce masa ya nemi mai gida, ku rufe ƙofa.