Irène ta Renoir ko yarinyar Cassatt: wacce za ka bi?

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon zane da fentin mai, kana son zana ƙaramar 'yarka da salon Imfireshonizim, wato salon masu zanen Faransa na kama haske da launi yadda ido ya gan su nan take, amma ka rasa wanda za ka kwaikwaya tsakanin zanen Irène na Renoir, mai zanen nan Bafaranshe, da yarinyar nan da ke kan shuɗiyar kujera ta Mary Cassatt. Ni dai na Cassatt zan ba ka shawara, ga kuma dalili.

Na Renoir aikin kwangila ne. A 1880 wani attajirin ma'aikacin banki Bayahude a birnin Paris, Louis Cahen d'Anvers, ya biya aka zana 'yarsa Irène, tana da shekara 8. Shi ya sa ka gan ta zaune tsaf, ta juya gefe, hannuwa a kan cinya, riga ruwan sararin samaniya, jan gashi ya zubo har baya, duhun ganye a bayanta. Duba fuskar da kyau: sumul take, da ƙyar ka ga sawun buroshi. Sai a gashi da riga da ganyen ne Renoir ya saki hannu. Yarinya ce kamar yadda iyaye ke son baƙi su gan ta.

Zanen yana da tarihi mai ciwo. 'Yan Nazi sun ƙwace shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yar Irène mai suna Béatrice da 'ya'yanta suka mutu a sansanin Auschwitz. An mayar wa Irène zanen a 1946, ta sayar, ya faɗa hannun Emil Bührle, mai ƙera makaman da ya yi ciniki da Jamus ta Hitler. Yanzu yana birnin Zurich.

Cassatt kuwa Ba'amurkiya ce da ta zauna a Faransa, ta yi nata a 1878. Yarinyar da ta zana 'yar abokan Edgar Degas ce, wani mai zane Bafaranshe abokin Cassatt, kuma ta gaji da zama. Ta baje a kujera, hannu ɗaya a bayan kai, ƙafafu a wargaje, farar rigarta ta tattare, ido ba ya kan kowa. Ɗan ƙaramin kare yana barci a kujerar gefe. Kujerun sun cinye ɗakin, an datse tagogin baya, ka ce wucewa aka zo yi aka leƙa. Wannan shi ne ainihin abin da masu salon ke nema, wato abin da ido ya cafke nan take kafin a gyara zama. Alƙalan sashen Amurka a babban baje kolin Paris na 1878 sun ƙi karɓar zanen, sai a 1879 ta nuna shi tare da su Degas, wanda ita da kanta ta rubuta cewa ya taya ta zana ɓangaren ɗakin da ke bayan yarinyar. Yau yana gidan adana zane-zane na ƙasa a Washington.

To ga inda abin ya shafe ka. 'Yarka ba za ta zauna maka kamar Irène ba, kuma irin fuskar Renoir tana son fenti siriri, shafi kan shafi, da buroshi mai laushi. Sabon hannu in ya dage sai ya yi sumul ɗin nan, launukan cakuɗewa suke yi su koma laka. Hanyar Cassatt ta fi yi maka sassauci: bar yarinyar ta zauna yadda ta saba, ka zaɓi launi ɗaya ya mamaye wurin, ka ja buroshi da faɗi, kada ka koma kana goge kowane ja. Inuwar farar riga da shuɗi da ruwan toka ake yin ta, ba da baƙi ba.

Abu ɗaya zan ce ka ɗauko wurin Renoir, shi ne gashi. Bai dama ja da ruwan zinare da ruwan ƙasa wuri guda ba, ya jera su gefe da gefe yana bin tsawon gashin. In 'yarka kitso gare ta, yi haka da shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa, ka bar ɗan haske a kan kowane layi ta ɓangaren da taga take.