Mai gyaran bel ɗin mota na Ƙofar Ruwa: aiki ya yi, amma ka zo da haƙuri

Masu tambayar inda ake gyaran bel ɗin mota a Kano, ga bayanin wanda na kai tawa. Ɗan ƙaramin shago ne a cikin Ƙofar Ruwa ɓangaren masu kayan Beljiyom, ba allo ba suna, da tarin bel da aka rataye a bakin ƙofa za ka gane shi. Mutumin dattijo ne, aikinsa kenan bel da eyabag, ba ruwansa da inji ba ruwansa da giya, in ka kawo masa matsalar birki ma nuna maka maƙwabcinsa zai yi. Aikinsa ya gamsar da ni gaskiya kuma zan iya tura ɗan uwana wurin, amma in kai mai gaggawa ne ko mai son a ba ka kujera da fanka da rasit, to ka san da shirin ɓacin rai.

Motar Corolla ce irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka bayan sun yi hatsari a can, a zo nan fanel bita ya daddaƙe fuska a fesa fenti a kai ta wurin dillalai tana ƙyalli. Bel ɗin direba kana ja yana biyo ka kamar igiyar guga, ka fizge shi da ƙarfi ma ba ya tsayawa, na gefen fasinja kuma ba ya komawa sai ka tura shi da hannu, kullum ƙofa tana datse shi. Na baya kuwa mai kafet ya tura su ƙarƙashin kujera ya ɗora riga a kai, ko alamarsu babu.

Abin da ya fara yi ya burge ni, ko bel ɗin bai taɓa ba ya ce in kashe mota in murɗa makulli ba tare da na tayar ba, ya zuba wa dashbod ido. Akwai wata fitila ja mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, wasu motocin SRS ake rubutawa, ita ce ta eyabag da bel, ƙa'idarta ta kama na ɗan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. Tawa ta kama ta mutu lafiya lau, na ce to ai shikenan, ya ce "Alhaji dakata tukuna." Ya ɓalle robar ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, sai ga soket ɗin rawaya a yanke an liƙa masa wani ɗan mitsitsin rezisto an naɗe da baƙin salatif. Wato an yaudari kwamfutar mota tana ɗauka komai na nan alhali abin fashewar da ke cikin injin bel ɗin ya riga ya tashi tun a Amurka. Ya ce wasu ma ba sa wahalar da kansu da rezisto, ƙwan fitilar suke cirewa ko su manna masa salatif ta ciki, don haka in ka murɗa makulli fitilar ba ta kama ba kwata-kwata kar ka yi murna, wannan ya fi muni.

Nan ya ɗauko wani injin bel da ya riga ya farke a kan bencinsa ya nuna mini cikinsa, kuma wallahi wannan ɗan darasin kaɗai ya isa a biya shi kuɗi. Akwai sifirin mai naɗe bel ɗin, akwai haƙora kewaye da ƙarfen da bel ke naɗuwa a kai, sai wani ɗan ƙwallon ƙarfe ƙarami zaune a cikin ɗan kofi na roba. In ka taka birki da ƙarfi ko mota ta karkata sai ƙwallon ya gangara ya ɗaga wata 'yar ƙafa ta shiga haƙoran, bel ya ƙage. Ya karkata abin a hannunsa muka ji ƙas, ya miƙar da shi ya saki. Shi ya sa ya ce ba a ɗaukar injin wata mota a ɗaura wa wata don kawai ramin noti ya yi daidai, kowanne da kusurwar da aka ƙera shi ya zauna, in ya karkace ko dai ya ƙi fitowa ko ya ƙi riƙewa. A gefe kuma akwai wani bututu mai ɗan abin fashewa a ciki, shi ne idan an yi karo yake tashi ya fizgo bel ɗin ya matse ka da kujera kafin jikinka ya fara tafiya gaba. Sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa. In ya tashi yawanci bel ɗin ƙagewa yake yi, to a nan ne masu son a sayar da mota da sauri suke farke shi su cire abin da ya riƙe, bel ya dawo yana ja yana komawa kamar lafiyayye, ga shi nan a ido amma ba ya riƙe kowa.

Wajen zaɓen wanda zai saka ma bai yi garaje ba. Yaronsa ya kawo wasu, ya zare kowanne har ƙarshe yana bin sa da yatsa yana neman inda ya tsattsage ko ya yi santsi kamar an goga masa wuta, ya ce wannan santsin alama ce bel ɗin ya taɓa ɗaukar nauyin mutum a hatsari, ya mayar da ɗaya saboda haka duk da ni ban ga komai ba sai da ya ɗaga shi a rana. Ya nuna mini ɗan farin ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel wanda ke ɗauke da lambar kaya da lokacin da aka yi shi. Kuma ya faɗi gaskiyar da ba kowane ɗan kasuwa zai faɗa ba, cewa kamfanonin mota sabo suke cewa a saka, na Beljiyom ba yadda za a yi a gwada abin fashewarsa sai dai a auna da mita a duba tarihin jikinsa, in ina da hali in yi odar sabo shi zai ɗaura mini. Ni dai aljihu ne ya yanke hukunci. Abu ɗaya da ya ce ba ya yi ko nawa za a ba shi shi ne ɗinke bel da ya yanke, wai akwai masu kai wa mai gyaran takalmi.

Ina nan zaune wani matashi ya zo neman ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a mazaunin bel don mota ta daina ƙara, irin wanda ake sayarwa a go-sulo har da tambarin Toyota ko Benz a jiki. Baba ko ɗago kai bai yi ba ya ce ba ya sayarwa. Gaskiya wannan kayan ban ga amfaninsa ba ko kaɗan, ka ba da kuɗinka don ka kashe abin da ke tuna maka, sannan ga eyabag na nan a ɗane a sitiyari wanda shi an yi shi ne ya tari mutumin da bel ya riga ya riƙe, in ba bel kai da shi za ku haɗu a hanya yana fitowa da gudun da ya kai wajen kilomita 300 a awa. Haka ma ɗan kilif ɗin da ake maƙala wa bel a sama don ya saki kar ya matse ƙirji, shi ma ya ce a jefar.

Bayan ya gama ɗaurawa bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na zauna na saka yana kallo, kuma a nan ne na ga bambancinsa da sauran masu gyara. Na ƙasan ya ce a saukar da shi ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, saman cinya, ba a kan tumbi ba, don ƙashi ne ke iya ɗaukar wannan fizgar, ciki kuwa hanji ne da hanta. Masu babbar riga da malum-malum su janye tarin yadin daga ƙarƙashi tukuna, in ba haka ba bel ɗin a kan shadda yake zaune ba a jikinka ba. Na saman ya bi ta tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji, kar ya goga wuya kar kuma ya zame ta gefen hannu, kuma yawancin motoci akwai maɓalli a jikin ginshiƙi da ake ɗaga shi ko a sauke daidai tsawon mutum, mutane da yawa sun shekara da mota ba su taɓa motsa shi ba. In ka danna ka ji ƙas sai ka ja na saman ka kwashe sakin da ya rage. Kar ya murɗe. Kar a tura shi ta ƙarƙashin hammata, haƙarƙari ne zai karɓa, kar kuma a zagaya da shi ta gadon baya a bar na ƙasa kaɗai. Sai maganar kwantar da kujera da masu zaman gaba ke yi a doguwar tafiya su yi barci, in ka kwanta sosai zamewa za ka yi ta ƙarƙashin bel ɗin ƙugu ya hau cikinka ko wuyanka.

Da na ce masa uwargida na da juna biyu kuma tana cewa bel na danne mata ciki, ya ce a faɗa wa Hajiya kar ta bari, ita ce ma ta fi buƙata, na ƙasan ya bi ta ƙarƙashin cikin gaba ɗaya, na saman ya bi ta tsakiyar ƙirji ya sauka ta gefen ciki, a ja kujera baya kaɗan daga dashbod. Wannan kuwa daidai yake da abin da likitoci ke faɗa.

Na baya ya zaro su duka uku ya yanka wa rigar kujera ƙofa don mazaunansu su fito. Mu nan mun ɗauka bel na direba ne da wanda ke gefensa saboda su 'yan rod sefti ke leƙawa, alhali wanda ke baya ba bel in an yi karo kan na gaba yake faɗowa da dukkan nauyinsa. Karo a gudun kilomita 50 kacal, gudun cikin gari kenan, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, lissafi ne ba tsoratarwa ba, to ka ɗauki wannan ka kai shi hanyar Kano zuwa Zariya inda ba wanda ke tafiya ƙasa da 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ke cikin mota. Kuma abin ba sabo ba ne, tun 1959 wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ya fito da wannan bel mai kama ƙugu da kafaɗa, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Mu sai a 2003 hukumar rod sefti, FRSC, ta fara tilasta shi, tarar da aka daɗe da sani kuma naira 2,000 ce, shi ya sa har yau direban Golf ko Sharon zai hango su daga nesa ya jawo bel ya ɗora a cinya yana riƙe da hannu ɗaya, ana wucewa ya saki, ga kuma mutum biyu ya cusa a kujerar gaba mai bel ɗaya.

Wani abu da yake yi wanda ban san ana yi ba shi ne wankin bel, kuma ina ganin wannan ne maganin rabin ƙorafin mutane, don mai farar shadda ranar Juma'a ba tsoron komai ke hana shi sakawa ba illa baƙin layin da zai bar masa a ƙirji. Yana zare shi duka ya maƙale bakin, ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi, ba bilic ba fetur don suna cinye zaren, a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a sake shi ya naɗe. Na gefen fasinja da nake zaton sai an canja ashe datti ne ya yi masa kauri ya hana shi zamewa, wanki kawai ya yi masa ya dawo yana komawa da kansa, bai caje ni kuɗin sabo ba. Masu cewa suna tsoron bel ya riƙe su in wuta ta kama, ya gwada kowane mazauni a gabana da danna ɗaya da babban yatsa, wanda ya cije ya busa masa iska ya fito da ɓawon gyaɗa daga ciki.

To yanzu inda bai yi ba. Jira kam sai ka haƙura, shi kaɗai ne ke taɓa aikin, yaran yawanci aike suke yi, ya ce mini yanzun nan amma na yi Azahar na yi La'asar a wurin. Wurin ajiye mota babu, a bakin hanya ake aikin masu kura na ta yi maka ihu. Yaron ya karya ɗaya daga cikin ƙugiyoyin robar ginshiƙi wajen mayarwa, sun nemo wata sun saka amma sai da na yi magana. Babu rasit, garantin baki ne, "in ya ba ka matsala ka dawo". Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba shi da na'urar duba kwamfutar mota, sai bayan an gama ya ce in je wurin wani rewaya a goge tsohon kod a tabbatar fitilar na faɗin gaskiya, shi ma da nasa kuɗin daban, da tun farko ya faɗa da na lissafa. Farashi kuma sai ka yi ciniki, kuma ka tambayi biyu-uku a layin kafin ka zauna don kayan Beljiyom kullum tashi yake da dala.

Kujerar yara ba ya sayarwa, na tambaya. Ya dai ce bel ɗin manya ba na yaro ba ne, a wuya yake sauka masa da ciki, sai an ɗaga shi da matashin nan na musamman da ake kira busta har ya kai tsawo, a Ingila ma doka ce sai yaro ya kai shekara 12 ko santimita 135, rod sefti ɗinmu kuma sun ce 'yan ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsu. Kar a haɗa yara biyu a bel ɗaya, kar kuma uwa ta ɗora yaro a cinya ta zagaya bel da su biyun don nauyinta ne zai matse shi. Wannan sai dai ka nema a shagunan kayan jarirai. In za ka je wurinsa ka je da sassafe, ka tafi da lambar chassis ko ka ɗauki hoton farin ƙyallen tsohon bel ɗinka a waya, zai rage maka yawon da yaran ke yi a cikin kasuwa.