Gargaɗi ga masu hoto na Legas: akwai ɗan damfara yana tallan lenis da Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, har da na Alaba Rago. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don mutum ba ya son ya fito ya ce an yi masa wayo a kan sana'ar da yake ci da ita. To amma da na ji an sake cutar wasu mutum biyu ta hanya ɗaya, sai na ga shirun nawa ya zama taimako ga ɓarawo.

Aikina yawanci a waje nake yi: hoton ango da amarya kafin biki, hoton Sallah, hoton 'yan makaranta ranar saukar karatu. Ba na son fitila sai dole, hasken rana nake bi, musamman na bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi fuska ta daina ƙyalli. Shekara da shekaru ina aiki da ƙaramin idon kyamara, wato lenis, Canon 50mm f/1.8 STM, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Amma raina ya daɗe yana kan farin nan mai jan zobe, 70-200mm f/2.8L IS II, wanda duk mai hoto ya san shi tun daga nesa. Da shi za ka tsaya can baya ka ɗauko fuskar amarya ba tare da ka shiga cikin ƙawayenta ba, bayanta kuma ya narke kamar man shanu.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah na ci karo da wani shafi a Instagram mai tallan kyamarori da lenis na hannu, irin waɗanda ake kira tokumbo. Hotuna tsaf, mabiya da yawa, kowane kaya da mutane a ƙasa suna godiya. Ga lenis ɗin da nake mafarki, an sa masa kuɗin da bai kai rabin abin da ake sayar da shi a Ikeja ba. Na tura saƙo da Turanci, sai amsa ta dawo da Hausa. A nan aka kama ni. Ya ce, "Malam, ai na ga sunanka na san na gida ne. Wallahi don ɗan uwa ne kai, da Bayarabe ne ba zan sauko haka ba." Ya ce yayansa ne ke aiko da kayan daga Ingila, shi kuma sauri yake ya sayar ya tafi gida Sallah. Ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya ɗaga lenis ɗin, ya juya shi, ya nuna min rubutun jikinsa. Kuma na gaske ne, ban da shakka a kan wanda na gani a bidiyon. Ko na wane ne, ko aro ya yi, ko a shagon wani ya tsaya ya ɗauka, Allah kaɗai ya sani.

Ya nemi kafin alƙalami naira dubu 150, wai akwai wani da ke hanya daga Lekki da kuɗi a hannu. Sunan da ke kan asusun da ya turo ba shi ne sunan da ya ba ni ba. Na tambaya, ya ce na matarsa ne. Na tura.

Kwana uku yana min kwana-kwana. Yau ruwa ya hana shi fita, gobe yana kan gada cikin cunkoso, jibi wayarsa ta mutu. Na ce zan zo shagonsa, ya ce ba shi da shago, daga gida yake sayarwa, kuma gidan na surukai ne ba a shigo da baƙi. Ranar ta huɗu, ina fitowa daga sallar magariba, waya ta yi ƙara: ɗan aike mai babur yana jirana a bakin titi, in zo yanzu don yana da wasu saƙonni. Kyamarata tana gida. Ana yayyafi, ga duhu ya fara. Ɗan aiken ya miƙo kwali, na buɗe da fitilar waya, na ga farin lenis, ga jan zobe, an sa masa rigar roba mai zanen kakin soja irin wadda masu hoton daji ke sawa. Mai kayan yana kan waya yana cewa rigar ma kyauta ya ba ni. Hannuna ya gaya min gaskiya a lokacin, don na ji abin ba nauyi, amma zumuɗi ya toshe min kunne. Na tura cikon kuɗin, babur ya tashi.

Da na isa gida na ɗaura shi a kyamara, na murɗa don in buɗe ƙofar haske zuwa 2.8, wato lambar f da ke cikin sunan lenis ɗin, sai ta tsaya a 4 ta ƙi motsi. Na zare rigar. Rubutun da ta rufe ya fito: 70-200mm f/4L, tsohon ƙirar da ta fito tun 1999, wadda ba ta da IS, wato na'urar hana rawar hannu, ko kaɗan.

Ku riƙe wannan bambancin, don shi ne duk wayon da aka yi min. Na f/2.8 IS II, wanda ya fito a 2010, nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, bakinsa na gaba yana ɗaukar filta mai faɗin milimita 77, kuma a gefensa akwai makunni huɗu. Tsohon na f/4 nauyinsa wajen giram 700 ne, bakinsa milimita 67, makunninsa biyu kacal. Dukansu farare ne, dukansu da jan zobe, shi ya sa a duhu da riga a jiki ido zai iya ruɗewa. Da na ƙirga makunnan nan kawai, da kuɗina na aljihuna.

Kuma kar a ji ni ba daidai ba, na f/4 lenis ne mai kyau idan lafiyarsa ƙalau, masu hoto da yawa sun ci abinci da shi. Na ma fara lallashin kaina cewa asarar ba ta kai ta kawo ba. Sai washegari da yamma na fita da shi gwaji, na tsayar da ƙanena rana tana bayansa, irin hoton da aka fi biyana kuɗi a kansa. Hoton ya fito kamar an ɗauka cikin hazon hunturu a Kano: baƙi ya koma toka, fuska ta dushe, launin shadda ya mutu. Na cire murfin gaba da na baya, na haska fitila ta ciki, sai ga zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo ya mamaye gilashin tsakiya. Funfuna ce.

Wannan ita ce cutar lenis a gari irin Legas, inda danshi ba ya barin iska, balle a watannin Yuni da Yuli. Lenis ya kwana a jaka ko a kwaba mai duhu wata da watanni, funfuna ta tsiro a ciki, in ta daɗe sai ta cinye shafen da ke kan gilashin, ko an wanke tabon yana nan. Abin da ya sa take yaudarar mai saye shi ne ba ta cika nuna kanta a cikin ɗaki ba. Ka ɗauki hoto a shago ƙarƙashin fitila, ka duba a ɗan allon kyamara, za ka ga kamar lafiya. Sai haske mai ƙarfi ya shigo ta gaba, ya bugi zaren nan ya watse, sannan asiri ke tonuwa. Mu kuma masu aikin waje kullum cikin irin wannan hasken muke. Ɗan damfarar ya san haka sarai, ba banza ya zaɓi magariba ba. Na kai wa mai gyara, ya duba ya girgiza kai, ya ce ta riga ta ci gilashin, kuma injin saitin ma, wanda ke sa hoto ya fito garau, yana ta kai-komo ba ya kama fuska da wuri.

Na kira lambar, a kashe. Shafin ya toshe ni, bayan kwana biyu ya canja suna da hoto, amma kayan da ke ciki su ne dai.

Da na faɗa wa maigidana da ya koya min sana'a, bai yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Kai yaro, da rana tsaka a Legas me za ka yi da 2.8?" Kuma gaskiyarsa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce idan rana ta take, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, yana 100, ƙofar haske tana f/16, saurin ɗauka wajen 1/100 ne. Ka buɗe zuwa 2.8 sai ka kai wajen 1/3200, kyamarori da yawa na masu farawa kuma iyakarsu 1/4000. Wato a mafi yawan yinin ma rufe ƙofar nake yi, ko in sa baƙin filta mai rage haske. Ɗan ƙaramin 50mm ɗina, mai nauyin giram 160, a kan kyamarar Canon mai ƙaramin allon ɗauka yana ba da kusan abin da 80mm ke bayarwa, tunda ana ninkawa da 1.6, kuma wannan shi ne tsayin da ake so don hoton fuska. Rabin abin da ya kai ni son a gan ni da farin lenis ne a wurin biki. Na faɗa don na san ba ni kaɗai ke da wannan ciwon ba.

Sauran mutum biyun da na ce, salon nasu ya ɗan bambanta. Ɗaya yaro ne da bai daɗe da fara sana'a ba, aka sayar masa da wani dogon baƙin bututu mai rubutun 420-800mm, wai da shi zai ɗauko jirgin ruwa daga bakin teku. Irin wannan ƙofar haskensa daga f/8.3 take farawa, ba ya saita kansa, da hannu ake murɗawa, kuma sabonsa ma araha ne ƙwarai, amma aka karɓe masa kuɗin lenis na kirki. Ɗayan kuwa nasa ya fi ban takaici, ko in ce ban dariya in ba a kanka ya faɗa ba. An aiko masa da kwali ta mota daga tasha, ya buɗe ya tarar da kofin shayi. Akwai kofuna da ake ƙerawa da siffar lenis 24-105mm, har da lambobi da jan zobe, ana sayarwa don kyauta. Shi ya biya kuɗin lenis ya samu abin shan kunu. Dukanmu uku da Hausa aka yi mana magana, dukanmu an ce mana "ɗan uwa", dukanmu an ce akwai wani mai saye a hanya.

Yanzu ga yadda nake sayen lenis, kuma ba na sassauta wa kowa ko da limamin unguwarmu ne ya haɗa mu. Da rana ake ciniki, a wurin da mai kaya yake da shago ko wanda ya san shi, ko Computer Village ne a Ikeja ko cikin Eko. Ina zuwa da kyamarata da katin adana hotona. Duk wata riga ko tef da ke jikin lenis sai an cire, in karanta rubutun da idona, in gwada lambar jikinsa da ta kwali da ta rasit. In ɗaura shi, in buɗe ƙofar haske har ƙarshe in ga lambar da kyamara ta nuna, don kyamara ba ta san kara ba. In cire shi in haska fitilar waya ta baya ina leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon lenis yana da ita, amma zare ko hazo ko ɗigon mai a kan fukafukan ƙofar haske, a nan ciniki ya mutu. Sannan in fita waje in ɗauki mutum rana tana bayansa, in ɗauki allon talla mai rubutu daga nesa, in zuƙo hoton in duba tsakiya da kusurwa huɗu. Idan gefe ɗaya ya fito garau ɗayan ya dushe, lenis ɗin ya taɓa faɗuwa. In saurari injin saiti, in murɗa zoben zuƙowa daga farko zuwa ƙarshe in ji ko yana kartar yashi, don wanda ya yi aiki a bakin teku ba ya rasa shi.

A kula kuma da bakin baya, inda lenis ke ɗauruwa a jikin kyamara. Lenis ɗin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa kyamarorinsu masu cikakken allo irin 5D da 6D, sababbin marasa madubi masu bakin RF da suka fara fitowa a 2018 kuma sai da mahaɗi suke karɓar tsohon EF. Haka Nikon, bakin F daban, bakin Z daban. Mai son ya rabu da kaya zai ce maka "duk ɗaya ne, yana shiga".

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kar ya tsaya jin kunya kamar yadda na yi. Ya garzaya bankinsa a ranar da shaidar turawa ya shigar da ƙorafi, don kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su. Ya adana duk hirar, da saƙon murya, da hoton shafin kafin a canja masa suna. Akwai sashen 'yan sanda na musamman mai binciken zamba a Ikoyi, ofishin EFCC ma yana can Ikoyi. Mu ukun mun haɗa takardunmu mun kai tare.

Alamomin mutumin, don ku gane shi ko da wane suna ya dawo: Hausarsa tana da kyau, yana yawan rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, ba shi da shago, asusun da yake bayarwa kullum na "matarsa" ne ko "ƙanensa", ba ya yarda a haɗu da shi ido da ido, kuma ɗan aikensa ba ya zuwa sai rana ta faɗi. Shafin yana nan yana aiki har makon jiya, kuma farin lenis ɗin da ya nuna min a bidiyo yana kai, an rubuta saura guda ɗaya.