Marsandi V-Boot a Sakkwato: cikin kayan gyara, wanne za ka saya sabo, wanne ɗan Beljiyam?

Marsandi W124, wadda muka fi sani da V-Boot, ta fara fitowa a ƙarshen 1984, kuma har yau za ka gan ta tana shan hanyar Gusau ko ta Illela. Ƙarfenta bai cika ba da matsala ba. Roba ce take mutuwa, don zafin Maris zuwa Mayu da yake haura digiri 40 yana busar da ita, ƙurar hunturu ta ƙarasa aikin.

Kowace tayar baya tana da hannuwa biyar na ƙarfe da suke riƙe da ita, kowanne da bushin na roba. Idan sun lalace, za ka ji bayan motar yana lilo a kwana, tayoyin baya suna cinyewa ta gefe guda. Mai shago zai ajiye maka ɗan Beljiyam, da sabo mai araha marar suna, da sabon kamfani sananne irin Lemförder. Ni ɗan Beljiyam ba na sayensa a nan ko kaɗan. Robar da ta shekara talatin a Turai ta riga ta gaji, ko da ka gan ta baƙa wuluk. Mai araha kuwa na taɓa saka shi, bai ga damina biyu ba. Ka daure ka sayi na kirki, ko da sai an aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Kuma ka tsaya a kan bakanike kada ya ɗaure notin bushin sai motar ta sauka a kan tayoyinta. In ya ɗaure tana rataye, robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Shokozoba ma sabo ya fi, Bilstein ko Sachs, kuma biyu ake canjawa tare. Sifirin da aksil, ɗan Beljiyam ya wadatar idan babu tsatsa ko tsagewa.

Giyar otomatik ita ce inda ake asarar kuɗi ba gaira ba dalili. Da mota ta fara fizga wajen canjin giya, sai a ce a sauke a sa wata. Dakata, ɗan'uwa. Giyar nan tana da wata 'yar na'ura a gefenta da take aiki da zuƙar iska daga inji ta siririn tiyo. Tiyon ya tsage, giya za ta riƙa bugawa, alhali lafiyarta lau. Sannan ka ja ƙarfen awon man giyar, inji na aiki, mota ta yi zafi, a wuri mai daidai. Jan mai garau alama ce mai kyau. In ya yi duhu yana warin ƙuna, faifan ciki sun fara ci. In ya yi kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne yake shiga, kuma ko wace giya ka sa za ta bi sahun ta farko muddin ba a gyara can ba.

Man da ya dace shi ne Dexron II ko III, a canja shi da matatarsa da gaskit duk kilomita 60,000. Jabun mai ya yi yawa, don haka ka saya a rufe daga wurin wanda ka sani.

Idan ta tabbata giyar ta mutu, zaɓi biyu ne: a buɗe a gyara, ko a sa 'yar Beljiyam. Gyara ya fi idan kana da gwanin da ka ga aikinsa da idonka. In babu, sayi 'yar Beljiyam, amma ka duba lambar da ke jikinta, domin V-Boot samfurin 230E tana amfani da giya mai lamba 722.4, samfurin 300E kuma 722.3. Ka sa a cire kwanon ƙasanta a gabanka ka ga ko akwai garin ƙarfe, kuma ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin ka miƙa kuɗi.