Kwallon Sherrin da na sayo wa yarona a Jidda

Jama'a salamu alaikum. Wata biyu kenan da kwallon nan ta shigo gidanmu a nan Jidda. Babban dana ne ya makale wa kwallon Ostareliya a YouTube, wadda ake mutum 18 kowane bangare ana bugu da kafa ana naushinta da hannu, kullum sai ya ce min "Baba Sherrin, Baba Sherrin", ya'ni kwallon da ake buga wasan da ita, har na gaji nayi oda. Dan aiken da ya kawo sai da ya ja min rai kwana uku, amma wannan ba laifin kwallo bane.

Wallahi fata ce ta gaske, ja, dinkin ya zauna daram, ina bude kwalin kanshin ya tuna min da dukawan Kano. Siffar kwai gare ta amma bakinta bai kai na rugby tsini ba, kuma da gangan akayi haka, don Tom Sherrin da ya kirkiro ta a unguwar Collingwood ta Melbourne a 1880 mai dinkin sirdi ne, so yake in ka buga ta a kasa kana gudu ta dawo hannunka, tunda doka ce duk mita 15 sai ka buga.

Abinda ya taba ni shine labarin Tom Wills da yaron ya zaunar dani ya bani. Dan kurket ne da yayi karatu a makarantar Rugby a Ingila, a 1858 ya rubuta wa jarida cewa a kafa kulob din kwallo kada jikin yan kurket ya mutu lokacin sanyi, a 1859 yana cikin wadanda suka rubuta dokokin farko na kulob din Melbourne, ya buga musu ya kuma buga wa kulob din Geelong. Ya rasu 1880 yana da shekara 44, ya'ni shekarar da aka fara dinka wannan kwallon.

Kudinta da kudin kawowa sun ci riyal ba kadan ba, kuma bata son kwalta ko kadan, rana daya yaran unguwa suka buga a titi fatar ta kuje gefe guda, raina ya baci sosai. Kar ka barta a mota da zafin nan. Yanzu sai Juma'a bayan la'asar muke kama filin ciyawa ni da shi da abokansa shida, da mun dawo ya goge ta ya mayar kwalinta.