Hira da Mutane ko Alƙaluman Afrobarometer?

Ɗaliban digiri na biyu a kimiyyar siyasa sun yawaita tambayata ko su fita hira da mutane, ko su dogara da alƙaluman da aka tattara. Alƙaluman Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayoyin jama'a a ƙasashen Afirka wadda ta fara aiki a 1999, kyauta ne a intanet, amma sai ɗalibi ya iya ƙididdiga, kuma ba shi ya tsara tambayoyin ba. Hira kuwa tana cin kuɗin mota, ga fargabar tsaro a hanya, kuma kana iya wuni a zauren dagaci ba a saki jiki da kai ba; sai dai abin da ka jiyo ba kowa ke da shi ba. Alƙaluma sun dace da mai kwatanta ƙasashe, hira kuma da mai nazarin siyasar garinsu.