Ƙarshen Kerrigan a StarCraft II, haba dai!

Wanda bai gama Legacy of the Void, kashi na uku kuma na ƙarshe na gem ɗin StarCraft II, ba ya wuce kawai, don zan fasa ƙwai.

Gem ɗin kansa ba ni da matsala da shi, yaƙin Protoss (ɗaya daga jinsuna uku na gem ɗin) ya yi daɗi, mishan ɗin da jaruminsu Zeratul ya mutu ma sai da jikina ya yi sanyi. Matsalata mishan uku na ƙarshe ne, inda aka rufe labarin Kerrigan, sojar da ta koma sarauniyar Zerg, halittun nan masu kama da ƙwari. Tun da kashi na farko, Wings of Liberty, ya fito a 2010 'yan gem ke ta hasashe a kan matar nan, wasu na cewa masoyinta Raynor ne zai kashe ta da hannunsa tunda ya yi rantsuwa a Brood War, ci gaban StarCraft na farko, bayan ta ci amanar abokinsa Fenix ta kashe shi, wasu na cewa a'a, ita za ta ba da ranta a gaban Amon, babban mugun labarin, ta biya jinin da ta zubar. Ni ina ɓangaren rantsuwa, kuma ko na biyun aka ba ni wallahi da na karɓa hannu bibbiyu.

Sai ga shi an mayar da ita xel'naga, wato tsofaffin halittun nan masu kama da alloli a labarin. Wai ɗaya daga cikinsu, Ouros, ya zuba mata ƙarfinsa ta koma wata halitta mai fukafukan wuta tana walƙiya, ta gama da Amon, shikenan an yafe komai. Matar da ta halaka duniyoyi! Na san tsohon shugabanta Mengsk ne ya fara cutar ta da ya bar wa Zerg ita a Tarsonis, shi ya sa da ta je har Korhal ta kashe shi a kashi na biyu, Heart of the Swarm, na ji daɗi sosai, wannan ramuwa ce mai dalili. Amma bayan an dawo da ita mutum, a can Zerus, duniyar asalin Zerg, ita da kanta ta zaɓi komawa Zerg, ba wanda ya tilasta ta, to ina hisabin? Sau ɗaya Raynor ya tuna mata da Fenix a gidan yarin da ta je ceto shi, ta ɗora bakin bindiga a goshinta ya kasa harbi, daga nan maganar ta bi ruwa.

Gaskiya hoton ƙarshe ya ɗan sauko da ni, bayan shekara 2 Raynor na zaune shi kaɗai a mashaya a Mar Sara ta shigo da siffar mutum, ya ajiye bajonsa ya bi ta, ba a sake ganinsa ba. Har yau ana musu, wasu na cewa mutuwa ya yi ta zo ɗaukar sa, kuma ni wannan fassarar na riƙe don ita kaɗai ke sa in iya haɗiye abin. Sai dai da na tuna tun 1998 aka faro labarin nan aka ja mutane har 2015 sai haushin ya dawo sabo.

In yaƙi da tsara runduna kake so sayi Legacy of the Void, ba za ka yi asara ba. In kuma don Kerrigan ne ka tsaya a mutuwar Mengsk.